Garin magani a hannun yaron shago: haɗarin da ake mantawa da shi a Nima da Maamobi

Daga ranar 18 zuwa 24 ga Nuwamba na kowace shekara, duniya na gudanar da makon faɗakarwa kan yadda ƙwayoyin cuta ke bijire wa magunguna. A Gana ma, jami'an lafiya da masana harhaɗa magunguna kan shiga gidajen rediyo da makarantu da kasuwanni, saƙonsu kuma kusan ɗaya ne: kada a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da umarnin likita, kada a raba kafso da maƙwabci, kada a yanka dabbar da aka yi wa magani kafin kwanakin jira su cika. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai saƙon yana magana ne da mai shan maganin da mai cin naman. Akwai mutum na uku da ba a cika ambatonsa ba, wato wanda ke buɗe ledar garin maganin, ya ɗiba, ya auna, ya dama da hannunsa, domin aikin da yake ci da shi ke nan.

A Nima da Maamobi, manyan unguwannin Zango na birnin Akra, irin wannan mutum yana ko'ina. Akwai yaron shagon magungunan dabbobi, akwai mai turka raguna don Layya, akwai matashin da aka ɗauka kula da kaji, akwai yarinyar da ke taya mai kemis haɗa maganin ruwa na yara. Makon faɗakarwar kuma yana zuwa ne a bakin hunturu, lokacin da iska ke bushewa, ƙura ke tashi, tari da mura ke yawaita. Idan yaron shago ya fara atishawa da nauyin ƙirji, shi da maigidansa hunturu za su ɗora wa laifi. Da wuya wani ya tuna da garin da ya wuni yana ɗiba.

Inda garin yake bi

Kiwo daɗaɗɗen abu ne a Nima. Unguwar ta kafu ne a wajajen shekarun 1930, inda Malam Futa, malami kuma mai harkar shanu, ya samu fili ya zauna, jama'a suka taru a kansa. Har gobe, mai ratsa lungunan Nima da Maamobi zai ga raguna da awaki a ɗaure a bakin ƙofa ko bayan ɗaki, da kejin kaji a jikin bango. Idan Babbar Salla ta gabato, manyan motoci kan sauko da dabbobi daga arewacin Gana da Burkina Faso da Nijar da Mali, wasu a sauke su a kasuwar Tulaku da ke Ashaiman, wasu su ƙarasa bakin titunan Akra. Dabbar da ta yi kwanaki a mota, ta baro busasshiyar iskar Sahel ta faɗo laimar bakin teku, ba wuya ta kama tari ko zawo. Rago ɗaya jarin watanni ne. Mai shi ba zai naɗe hannu yana kallonsa ba, kuma abin da ya fi kusa da shi ledar garin magani ce.

Wanda aka fi sani a cikin garin shi ne oksitetrasaikilin, mai launin rawaya. Akwai kuma tailosin da niyomaisin da kolistin da magungunan salfa, sau da yawa biyu ko uku a haɗe da bitamin cikin fakiti guda. An yi su ne don a narka a ruwan sha ko a cakuɗa da abincin dabba. Fakitin giram 100 ko gwangwanin kilo ɗaya ya yi wa mai kaji goma yawa, don haka a shago ake buɗe shi, a riƙa ɗiba da cokali ana ƙullawa a 'yan ledoji. Mai ƙullawar yawanci yaro ne mai koyon sana'a, a ƙaramin shago, fanka na kaɗawa a kansa. Wanda ya saya ya kai gida ya zazzage a bokiti, ya naɗe hannun riga ya motsa da hannu har ya narke.

Hanya ta biyu ita ce kafso. A Gana da Burkina Faso da wasu maƙwabtansu an san kafson tetrasaikilin da 'yan'uwansa da suna tupaye. Al'ada ce da ta bazu a ɓare shi a barbaɗa garin a kan miki, ko na mutum ko na dabba, ko a zuba wa kaji a ruwa. Hanya ta uku asibiti ne da kantin magani, inda ake haɗa garin amoksisilin na yara da ruwa a kwalba, ake kuma narka garin allura kafin a yi wa majinyaci. Ta huɗu masana'antun magunguna ne na Akra da Tema, inda ɗanyen sinadarin ke shigowa a ganguna.

A wannan mataki na ƙarshe ne kawai ake ɗaukar garin da muhimmancin da ya kamata. Ƙa'idojin ƙera magani na Hukumar Lafiya ta Duniya sun tanadi a keɓe wa fenisilin wurin aiki na daban da na'urorinsa na daban, saboda ɗan burbushinsa idan ya faɗa cikin wani magani zai iya halaka wanda jikinsa ba ya jituwa da shi. Sinadarin da ake gina wa gini na musamman a masana'anta, danginsa ne ake ɗiba da cokali ɗaya daga wannan gwangwani zuwa wancan a shagon unguwa.

"Ai magani ne"

Maganin ƙwari yana da wari, yana da alamar ƙoƙon kai a jikin kwalba, kowa na tsoronsa. Garin kashe ƙwayoyin cuta kuwa sunansa magani, ana sha a warke. Wannan suna shi ke sa a sake jiki da shi. Amma abin da likita ya auna wa majinyaci na kwana biyar daban yake da abin da ma'aikaci ke shaƙa kaɗan-kaɗan tsawon shekaru alhali ba ya ciwon komai.

Haɗari na farko shi ne jiki ya ƙi maganin, abin da likitoci ke kira alaji. Garin yana da laushi ƙwarai. Ƙurarsa kan tsaya a iska bayan an ƙulle leda, ta shiga hanci da maƙogwaro da huhu, ta manne a fatar da gumi ya jiƙa. A jikin wasu mutane, garkuwar jiki kan ɗauki wannan baƙo a matsayin abokin gaba. Mutum zai iya yin watanni ko shekaru lafiya lau, sai wata rana hannu ya fara ƙaiƙayi da tsagewa, ido ya yi ja, hanci ya riƙa zuba, daga baya numfashi ya fara fita da ƙara cikin dare. Alamar da likitocin lafiyar ma'aikata ke nema ita ce mutum ya samu sauƙi idan ya yi nesa da aiki, kamar a hutun Salla ko tafiya ganin gida, ciwon kuma ya dawo da zarar ya koma shago.

An daɗe da sanin wannan. An gano sitireftomaisin a 1943, kafin ƙarshen shekarun 1940 kuma an riga an ga ma'aikatan jinya a asibitocin tarin fuka na Turai da Amurka suna fama da ƙurajen hannu saboda haɗa allurarsa. An rubuta kamuwa da asma a tsakanin ma'aikatan masana'antun fenisilin da ampisilin. An ga ƙuraje da asma a jikin makiyaya da masu haɗa abincin dabbobi da ke taɓa tailosin. A Japan da Koriya ta Kudu an samu ma'aikatan jinya da suka kamu da borin jini mai tsanani daga narka garin allurar dangin sefalosiforin. Niyomaisin kuwa, wanda ke cikin fakitocin kaji da yawa, ya yi suna wajen tayar da ƙurajen fata, har ƙungiyar likitocin Amurka da ke nazarin irin wannan ciwo ta ayyana shi a matsayin sinadarin shekara a 2010.

Babbar asarar tana zuwa ne daga baya. Wanda jikinsa ya ƙi fenisilin yakan ƙi 'yan gidansu duka, wato ampisilin da amoksisilin da sauransu, kuma abin kan ɗauki shekaru bai sake shi ba. Waɗannan su ne magunguna mafi arha kuma mafi samuwa ga ciwon huhu da ciwon maƙogwaro da cututtuka da dama. Ranar da irin wannan ma'aikaci ya kwanta ciwo aka ba shi ɗaya daga ciki, jikinsa na iya yin bore cikin mintuna: fuska da leɓe su kumbura, maƙogwaro ya toshe, jini ya faɗi. Idan ba a yi masa allurar adirenalin da gaggawa ba, yana iya rasa ransa. Idan kuma an gano da wuri, dole a koma wa magungunan da suka fi tsada. Ta kowace fuska, aikin da ya yi don samun na abinci ya raba shi da maganin talaka.

Wasu garin suna da nasu haɗarin na daban. Tetrasaikilin yana sa fata ta kasa jure rana. Idan ya shiga cikin mai juna biyu ko yaro ɗan ƙasa da shekara 8, yana iya ɓata launin haƙora har abada, ya kuma taɓa girman ƙashi. A gidan da bokitin ruwan kaji mai launin rawaya ke ajiye a tsakar gida, yara na rarrafe kusa da shi, wannan abin dubawa ne. Kuloramfenikol yana iya sa ɓargo ya daina samar da jini, ciwon da ba kasafai yake faruwa ba amma yana kisa, kuma ba a san wani ƙaramin adadi da za a ce ba ya jawo shi ba. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Lyon ta sa shi a rukunin sinadaran da mai yiwuwa suna haddasa daji. Saboda haka Amurka da Tarayyar Turai suka haramta ba da shi ga dabbobin da ake ci. Haka suka haramta furazolidon, wanda ya daɗe yana cikin magungunan zawon kaji.

Daga turke zuwa tsakar gida

Haɗari na biyu ba ya nuna kansa a fata ko a ƙirji. Cikin kowane mutum da hancinsa da fatarsa cike suke da bakteriya, mafi yawansu marasa cutarwa. Idan suna haɗuwa da ɗan magani kaɗan kullum, raunanan su mutu, masu taurin kai su rayu su hayayyafa, har su miƙa wa wasu bakteriya dabarar jure maganin. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi kan haɗarin maganin da bai kai awo ba tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945.

Wani masanin Amurka, Stuart Levy, ya nuna yadda abin ke faruwa a gona. A binciken da ya wallafa a 1976, an riƙa ba kaji abinci mai oksitetrasaikilin a wata gona a jihar Massachusetts. Cikin mako guda, bakteriyar hanjin kajin sun koma masu jure maganin. Bayan wata biyar zuwa shida, an ga irin su sun yawaita a cikin iyalin da ke zaune a gonar, alhali babu wanda ya sha maganin a cikinsu, kuma ba a ga haka a maƙwabtansu na nesa ba. A Jamus kuma, masu bincike sun auna ƙurar da aka tara daga wani gidan kiwo tsakanin 1981 da 2000, suka sami magunguna irin su tailosin da tetrasaikilin da kuloramfenikol a mafi yawan samfuran. Wato ko bayan an gama dama magani, ƙurar keji na ci gaba da ɗauke da shi.

Iyalin da Levy ya bincika suna da fili da ruwan famfo da banɗakinsu. A Nima, iyalai da yawa ke zaune a gida ɗaya, suna haɗa banɗaki da randar ruwa da igiyar shanya, turken rago kuma taku kaɗan ne daga murhu. Bakteriyar da ta koyi jure magani a cikin yaron shago ba ta da nisan tafiya kafin ta isa ga jariri ko tsohuwa mai ciwon suga. Ragowar ruwan magani da wankin bokiti suna gangarawa kwata, daga kwata zuwa babban magudanar Nima, zuwa kogin Odaw, zuwa tafkin Korle. Kaso mai yawa na tetrasaikilin yana fita ta kashin dabba ba tare da ya lalace ba, masu lambu a Dzorwulu da sauran gefen rafukan Akra kuma da kashin kaji suke takin latas da kabeji.

Alƙaluma sun nuna cewa yankin nan ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa. Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a Janairun 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, tana kuma da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Yammacin Afirka ne ke kan gaba, da mutuwar mutum 27.3 cikin kowane 100,000. A Satumban 2024, shugabannin duniya sun amince a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za a rage wannan mace-mace da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030.

Labarin kolistin ya isa misali. A asibiti, yana cikin magungunan ƙarshe da likita ke komawa gare su idan sauran duk sun gaza. A 2015 masana a Sin suka gano wata ƙwayar gado da ke ba bakteriya damar jure shi, mai iya tsallakawa daga wannan bakteriya zuwa waccan, a jikin dabbobi da nama da majinyata. Sin ta hana zuba shi a abincin dabbobi don ƙara ƙiba daga 2017, Indiya ta hana shi a kiwo a 2019. A kasuwannin Yammacin Afirka har yanzu ana ganin sunansa a jikin fakitocin kaji.

Doka tana nan, yaron shago ne ba ta kai gare shi ba

Gana ba ta rasa dokoki ba. Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci a sashe na 118 alhakin kare shi daga ƙura da hayaƙi da sinadarai masu cutarwa, da ba shi kayan kariya kyauta tare da koya masa amfani da su. Sashe na 119 ya ba ma'aikaci 'yancin janye jikinsa daga aikin da ke barazana ga lafiyarsa ba tare da an kore shi ba. Akwai Dokar Masana'antu da Ofisoshi da Shaguna ta 1970, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 1987. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta ba Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, FDA, ikon rajistar magunguna da sa ido a kansu, kuma a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a mataki na 3 na ƙwarewa, ta biyu a Afirka bayan ta Tanzaniya. A Afrilun 2018 Shugaba Nana Akufo-Addo ya ƙaddamar da manufar ƙasa kan amfani da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, tare da shirin aiki na 2017 zuwa 2021. Masu ƙananan shagunan magani da ba su da ƙwararren mai harhaɗawa ma ba a ba su izinin sayar da mafi yawan waɗannan magunguna ba.

Matsalar ita ce kowace hukuma na duban gefe ɗaya. Mai duba magani yana neman lambar rajista da ranar lalacewa. Likitan dabbobi yana duban lafiyar garke. Mai duba masana'antu yana zuwa inda akwai rajistar ma'aikata. Huhun yaron da ke ƙulla gari a shagon lungu bai faɗa a teburin kowa ba. Mafi yawan masu aiki a Gana ba su da takardar ɗaukar aiki, a Zango kuwa dangantakar ta gida ce. Yaron ɗan ƙanen maigida ne, ko ɗan aminin mahaifinsa da aka kawo daga Bawku ko Dosso don ya koyi sana'a. Baba yake ce masa ko Kawu. Wanda ke ci a kwanon maigida, yana kwana a ƙarƙashin rufinsa, ba zai buɗe baki ya karanta masa sashe na 118 ba.

Adalci ne a faɗi cewa maigidan ma ba mugu ba ne. Shi ma da hannu ya dama gari lokacin da yake yaro, har yau kuma yana shaƙar iskar shagon. Ribarsa kaɗan ce, likitan dabbobi bai wadata ba, mai saye kuma idan an ce masa ya kawo takardar likita zai wuce shago na gaba ne. Takunkumin fuska da safar roba suna da takura a zafin Akra. Duk shawarar da ba ta yi la'akari da waɗannan ba, a takarda za ta ƙare.

Rubutun da ba a iya karantawa

Garin magani ba ya tsayawa a iyaka. Fakitin da aka ƙera a Sin ko Indiya ko Turai yana sauka a tashar Tema ko Lome ko Kwatano ko Legas, ya bi motocin fatake ta Aflao da Paga, ya isa Kumasi da Yamai da Maraɗi da Kano. Ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA suna da tsarin bai ɗaya na rajistar magungunan dabbobi tun 2006, Gana da Najeriya kuma kowace da nata. Fakitin da aka rubuta da Faransanci kan ƙare a hannun mai kiwo a Nima, mai Turancin Ingilishi kuma a hannun na Zangon Lome.

Gangunan ɗanyen sinadari da ake kai wa masana'antu suna zuwa da takardar bayanan kariya mai sashe 16, da alamar murabba'i mai jan baki ɗauke da hoton mutum da tauraro a ƙirjinsa, wadda ke nufin shaƙarsa na iya jawo asma ko wata mummunar illa. Ƙaramin fakitin shago sau da yawa layi ɗaya ko biyu na gargaɗi kawai yake da shi, da ƙananan haruffa. Da zarar an juye garin a farar leda kuwa, suna da awo da kwanakin jira da gargaɗi duk sun tafi. Abin da ya rage launi ne: a ba ni mai rawaya, a ba ni fari. Ranar da ma'aikaci ya faɗi aka kai shi Babban Asibitin Maamobi, likita zai tambayi abin da ya taɓa, amsar kuma ba za ta wuce "maganin kaji" ba.

Abin da ke hannun mutane

Mataki mafi ƙarfi shi ne rage buɗe fakitin tun farko. Cututtukan da suka fi kashe kaji, irin su Newcastle da murar tsuntsaye, bairos ke kawo su, maganin bakteriya ba ya taɓa su. Allurar rigakafi a kan lokaci, tsabtar keji, ruwa mai kyau da ware dabbar da ta kamu sun fi zuba gari a ruwa kowane mako da sunan kariya. Tarayyar Turai ta hana zuba irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don ƙara ƙiba tun 1 ga Janairun 2006, kiwo kuma bai tsaya ba. Inda likitan dabbobi ya ce sai an yi magani, na ruwa ko ƙaramin fakitin da za a juye gaba ɗaya ya fi gwangwanin da za a riƙa ɗiba. Dillalan da ke shigo da kaya za su iya taimakawa a nan fiye da kowa, ta hanyar kawo ƙananan fakitoci masu cikakken rubutu, daidai aljihun mai kaji goma.

Idan ɗibar ta zama dole, a yi ta a wuri mai iska amma ba a gaban fanka ko cikin guguwar hunturu ba. A fara zuba ruwa a bokiti, sannan a saukar da garin a hankali dab da ruwan, a motsa da sanda. Cokali da bokiti su zama na wannan aiki kaɗai. Safar hannu ta roba da takunkumi irin N95 ko FFP2, wanda jama'a suka sani tun lokacin korona, su ne kariyar da ta dace, domin ƙyalle ko gefen rawani ba ya tare ƙura mai laushi sosai. Garin da ya zube a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, tsintsiya tayar da shi take yi. Rigar aiki ta zauna a wurin aiki, a wanke ta daban da kayan yara. Ragowar magani kada a tuttular a kwata, a tambayi jami'in dabbobi ko kantin magani yadda za a yi da shi.

Wankin hannu da sabulu yana da muhimmanci na musamman a inda da hannu ake cin tuwo da wake da shinkafa, da hannu ake ɓare goro. Haka kafin alwala. Mai alwala yana kai ruwa baki da hanci da fuska da tafin hannunsa, saboda haka wanda ya taɓa gari ya fara wankewa da sabulu har ƙarƙashin farce kafin ya ɗauki buta. Masu juna biyu da masu shayarwa da masu asma da yara ƙanana a nisanta su da wannan aiki baki ɗaya.

Idan gari ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na kimanin minti 15. Idan fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama mutum bayan ya taɓa magani, asibiti za a nufa nan take ko a kira lamba 112, a kuma tafi da fakitin. Wanda likita ya tabbatar jikinsa ya ƙi wani magani, takunkumi ba zai wadatar da shi ba. Sai an sauya masa aiki, shi kuma ya riƙe sunan maganin ya faɗa a duk asibitin da ya je.

Wa zai ɗauki maganar?

Zango na da hanyoyin isar da saƙo da hukuma ba ta da su. Akwai sarakunan ƙabilu, akwai sarkin fawa da shugabannin 'yan tireda da dillalan dabbobi, akwai limaman Juma'a, akwai shirye-shiryen Hausa a gidajen rediyon Akra da Kumasi. Lokacin korona an ga yadda kiran Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya yi tasiri wajen bin matakan kariya. Majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, waɗanda Nima da Maamobi ke ƙarƙashinsu, suna da jami'an tsabtar muhalli da ke shiga lunguna, suna kuma ba shaguna lasisin kasuwanci. Sanya safar hannu da takunkumi da wurin wanke hannu cikin sharuɗɗan lasisin shagon magungunan dabbobi bai buƙatar sabuwar doka daga majalisar ƙasa. Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da doka a 2017, zai iya ɗaukar nauyin gargaɗi mai hoto da Hausa, na boko da na ajami, da za a manna a shaguna da kasuwannin dabbobi. Ma'aikatan asibiti kuma za su iya ƙara tambaya ɗaya ga duk matashin da ya zo da asma ko ƙurajen hannu: wane aiki kake yi?

Nauyi mafi girma dai yana kan maigida. Iyayen da suka damƙa masa yaro amana suka ba shi, kuma kowa a Zango ya san abin da kalmar ke nufi. Kuɗin safar hannu da takunkumi na wata guda bai kai asarar rago ɗaya ba, balle jinyar asma ta tsawon rai. Abin da ya shafi Nima ya shafi Zangon Kumasi da na Lome da na Kwatano, da unguwar Briketeri a Yawunde, domin fakiti ɗaya ne ke zagaya su, hannu iri ɗaya ke buɗe shi. Watannin da ke gaban Layya su ne lokacin da aka fi ɗibar garin. Kafin motocin raguna su fara saukowa ya kamata a ce kowane yaron shago ya san sunan abin da yake ƙullawa, yana da abin da zai rufe hannu da hanci, kuma ya san cewa tarin da ke tashinsa cikin dare abin faɗa wa likita ne.